Wasiƙa daga Birmingham kan tocilar Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya da iyali. Ya jikin Inna, ya kuma zafin Katsina? A gaishe mini da mutanen Ƙofar Marusa baki ɗaya, manya da yara.

Maganar tocilar da ka ce in nemo maka, ta zuwa gona da leƙa garke cikin dare, ta yi nisa. Guda biyu ne a hannuna yanzu, ɗaya za ta zo maka, ɗaya za ta koma wurin masu ita. Kada ka ce ɓarnar kuɗi na yi. A Ingila, kayan da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ya iso ka ce ka fasa, ko da babu abin da ya same shi. In kuwa yana da aibi, dokar 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. A Babbar Kasuwa ka san yadda ake yi: mai kaya ya kunna a gabanka, ta kama, ka biya, da ka juya baya ciniki ya ƙare, sai dai in akwai sanayya tsakaninku.

Ta farkon ƙirar Amurka ce, irin wadda 'yan sanda da sojoji ke riƙewa. Jikinta alminiyom ne mai kauri, makunni ɗaya tak a gindinta, ba ta da tarkacen da zai lalace. Da ka riƙe ta za ka ji ka riƙe kaya. Ba na ɓoye maka, ita zuciyata ta fi so. Amma batirinta wani gajere ne da ake kira CR123A, guda biyu take ci, kuma ba a yi masa caji. Yana da nasa alherin: ya kan kai shekara 10 a ajiye bai mutu ba, ba ya zubar da ruwa ya cinye cikin tocila kamar yadda batirin rediyo ke yi, sanyi da zafi ba su cika damunsa ba. Ga mutumin Birmingham, wanda sai a shekara ba a ɗauke masa wuta ba, tocilarsa na kwance a aljihun tebur sai ranar larura, wannan batir ya dace da shi. Kai kuwa kullum dare kana tare da ita. Guda biyu a shago nan sun kai fam bakwai ko takwas, kuma in ka buɗe mata wuta sosai, awa ɗaya zuwa biyu sun tafi. Ka buga lissafin da naira ka gani. Ga shi ko kuɗin na hannunka, in ka tambayi mai tebur a 'Yar Kutungu ya ba ka CR123A, Tiger Head zai miƙo maka, wanda ba zai ma shiga cikinta ba. Sai dai a yi aike Kano, can ma sai an yi yawo.

Ta biyun ƙirar Sin ce, amma ba irin ta roba da ake zubawa a faranti ba. Kamfanonin Shenzhen da ke yin na ƙwarai suna yi da gaske. Batirinta guda ɗaya ne mai caji, sunansa 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na kirki yana ɗaukar mAh 3,000 zuwa 3,500 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), kuma wutar da ke cikin guda ɗaya ta fi ta CR123A biyu a haɗe. Ana yi masa caji sau 300 zuwa 500 kafin ya fara sanyi, kuɗinsa kuma bai kai fam goma ba. A jikin tocilar akwai kafar caji irin ta wayoyin yanzu, mai murfin roba. Cajar wayarka za ta yi mata, ƙaramar solar da ke kan rufin ɗakin Inna za ta yi mata, in duk babu, yaron da ke cajin waya da janareto a bakin titi zai cika maka ita. Ba sai ka zauna jiran wutar KEDCO ba. Ita na zaɓa maka.

Wani abu ya ƙara ja na gare ta, kuma a wannan fannin gida ya fi Ingila nesa ba kusa ba. Mutanen nan ba su cika gyara ba. Ladan mai gyara na awa guda ya fi kuɗin tocilar, saboda haka in ta mutu sai a yar a sayi sabuwa, batirin kuma a jefa shi a akwatin da manyan shaguna ke ajiyewa don tara matattun batura. A gida kuwa mai gyaran rediyo zai kwance ta, ya goge tsatsa, ya liƙe wayar da ta tsinke da dalma, ka ba shi abin da ya sawwaƙa. Shi ya sa na ƙi duk wadda aka manne batirinta a ciki da gam. Wannan murɗe gindinta ake yi batir ya fito. Ranar da ya gaji sai ka sa wani, tocilar na nan. Yawancin batirin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma irin wannan 18650 ɗin ne a jere a ciki, masu gyaran kwamfuta sun san shi. In ta ɓaci za ka iya samu wurinsu, amma a auna maka shi tukuna. Tocilolin cajin nan masu araha da ke cika kasuwa, da yawansu batirin dalma ne a ciki, ƙanin na babur, wanda in an bar shi ba caji na ɗan lokaci ba ya sake tashi. Dalilin da ya sa ba sa kai shekara ke nan.

Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka, ko a nan ko a can. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi. Taka an rubuta mata sama da 1,500, gaskiya ne kuma, amma na minti kaɗan ne: kanta na ɗaukar zafi sai ta rage hasken da kanta don kada ƙwan ya ƙone. A watan Afrilun Katsina, da zafi ke wuce digiri 40, za ta fi saurin ragewa. Awannin da suke rubutawa ma, a ƙa'idar da kamfanoni ke bi, ana ƙirgawa ne har sai haske ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 na farko, ba wai tana nan da ƙarfinta duk tsawon lokacin ba. Batirin 18650 kuma da ka ga an rubuta masa 9,900 mAh, ƙarya ce tsagwaronta, babu mai wannan girman da ke ɗaukar haka. Na gaskiya daga wurin irin su Panasonic, Samsung da LG suke fitowa, su kuma ba sa cika baki.

A ganina matakin hasken da zai fi yi maka aiki shi ne na tsakiya da na ƙasa. Lumen 100 zuwa 200 ya isa ka ga kunama a bakin rumbu, ka ga maciji a kunya lokacin damina, kuma a haka batir ɗaya zai kwana yana ci. Na ƙasa can, ɗan mitsitsin, shi ne na tafiya masallaci da asuba. Kuma Yaya, halin da hanyoyin ƙauyukanmu ke ciki ba sai na faɗa maka ba. Hasken da ake hangowa daga nesa ba kullum ne alheri ba. Don Allah ka riƙa tafiya da ƙaramin, babban sai ka ji motsin da ba ka yarda da shi ba.

Batirin yana son kula. Kada a bar shi a mota cikin rana, zafi na rage masa kwana. Kada a sa shi tsirara a aljihu tare da makullai ko kwabbai, in ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu wuta yake yi, ba wasa. In ledar jikinsa ta yage a daina amfani da shi har sai an sake mata wata. Kada a bar shi babu caji wata da watanni, kuma kada yara su sa tocilar caji a kan katifa. Zoben robar da ke bakin murfin gindinta shi ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga. Na sa maka wasu guda biyu a cikin kwalin, ka adana.

Ba zan aiko ta gidan waya ba, saboda ƙa'idar batir mai caji tana da tsauri. A jirgi ma ba a yarda a sa na ajiya a babban akwati ba, sai a jakar hannu, kowanne cikin gidansa na roba. Akwai wani ɗan Daura da muke masallaci ɗaya, zai sauka filin jirgin Malam Aminu Kano kafin Sallah in Allah ya yarda, kuma ya amince zai riƙo maka tocilar da batura uku. Ɗaya a ciki, ɗaya a caji, ɗaya a ajiye, ka riƙa juya su. Ta Amurkar gobe zan kai ta a mayar.

Ka tambayar mini Inna ko fitilar ɗakinta na kamawa har yanzu. In ta mutu ka gaya mini kafin mutumin ya taso, in haɗo mata ƙarama mara nauyi mai makunni ɗaya.

Ƙaninka.