Maɓalli da Fitila a kan Raspberry Pi: Abin da Za Ka Saya da Abin da Za Ka Bari a Shago

Wani abokina da ke koyarwa a makarantar sakandare ya zo mini da wata buƙata. A gasar kacici-kacici ta makarantarsu kullum sai an yi musu a kan wane rukuni ne ya riga ɗaga hannu, shi ya sa yake son na'ura mai maɓalli huɗu da fitila huɗu: wanda ya riga dannawa fitilarsa ta kama, sauran ukun su kulle har sai alƙali ya sake buɗe fage. Ya riga ya rubuto jerin sayayya, a layin farko kuma ya sa Raspberry Pi 5, wato ƙaramar kwamfuta a kan allo guda, mai ƙwaƙwalwa 8GB. Na karɓi biro na soke layin. Kuɗin da ya ware wa allon kaɗai ya isa ya gama aikin gaba ɗaya, har a samu na akwati da wayoyi.

Karanta maɓalli da kunna fitila aiki ne marar nauyi, kowane allo zai iya. Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: bayan maɓallin da fitilar, me kuma kake so na'urar ta yi?

Idan babu komai, ɗauki Raspberry Pi Pico. Ya fito a watan Janairun 2021 a kan dala 4, ɗan'uwansa Pico W mai Wi-Fi ya biyo baya a 2022 a kan dala 6. Ba cikakkiyar kwamfuta ba ce: babu Linux a cikinsa, ba a sa masa mimori, ba a jona masa allon kallo. Kana rubuta umarninka da MicroPython a manhajar Thonny daga laftof, ka tura masa ta wayar USB, shi ke nan. Da an ba shi wuta ya fara aiki nan take. Ga mu da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Pi mai Linux yana rubuce-rubuce a kan mimorinsa ko da ba ka taɓa shi ba, in wuta ta yanke a tsakiyar rubutu mimorin na iya lalacewa, washegari ka kunna ya ƙi tashi. Pico kuwa ba ruwansa, kuma batir uku na AA sun ishe shi. Sai dai ka lura, Pico na asali ba ya zuwa da haƙoran da ake soka wa waya. Idan ba ka iya liƙa dalma ba, nemi mai harafin H a sunansa, wato Pico H ko Pico WH, su an riga an liƙa musu.

Idan kuwa kana so danna maɓallin ya ɗauki hoto, ko ya kunna sauti mai kyau, ko ya nuna maki a talabijin, to ka shigo layin Pi mai Linux. Mafi arha cikin waɗanda zan ambata shi ne Zero 2 W, wanda ya fito a 2021 a kan dala 15. Ƙwaƙwalwarsa 512MB ce, ta isa irin wannan aiki amma ba za ka ji daɗin buɗe intanet a kansa ba, kuma ramukansa ƙanana ne, sai ka ƙara kuɗin 'yan adafta. Shi ma akwai mai haƙora da marar haƙora. Pi 4 na 2019 shi nake ba mai koyo shawara: ka jona masa madannin rubutu da allon kallo ka yi komai a kansa, kuma kusan duk darasin da za ka gani a intanet zai yi aiki ba gyara. Yana son caja mai 5V da 3A. Pi 5 na 2023 ya fi su gudu nesa ba kusa ba, amma an fara sayar da mai 4GB a dala 60, yana son caja mai 5A, yana kuma zafi in ba ka sa masa fanka ba, balle a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi. Waɗannan farashin ranar fitowa ne. A naira ko sefa, dala ce ke juya su, ga kuma kuɗin kawowa.

Pi 5 yana da wani tarko da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. An ɗauke aikin haƙoransa daga babban guntun da ke tafiyar da allon an ba wani guntu daban mai suna RP1. Saboda haka tsohon laburaren RPi.GPIO, wato tarin umarnin sarrafa haƙoran, wanda darussa masu tarin yawa suka dogara da shi, ba ya aiki a kansa. Yaro zai kwafi darasi harafi da harafi, ya samu saƙon kuskure, ya ɗauka allon ne ya lalace. Mafita ita ce gpiozero, wanda Ben Nuttall da Dave Jones suka gina, yana kuma zuwa a cikin Raspberry Pi OS. Yana aiki a tsofaffin alluna da sababbi, ga shi da sauƙin karantawa:

```
from gpiozero import Button, LED
from signal import pause

fitila = LED(17)
madanni = Button(27)
madanni.when_pressed = fitila.toggle
pause()
```

Lambobin nan 17 da 27 sunayen GPIO ne, wato haƙoran da umarninka ke sarrafawa, ba matsayin haƙori a jere ba. GPIO17 shi ne haƙori na 11, GPIO27 na 13. Rubuta `pinout` a tagar umarni, zai zana maka taswirar allonka. Mai Pico ma yana da picozero, wanda aka tsara a kan wannan salon. Alluna irin su Orange Pi kuwa, za ka ga haƙoransu kamar na Raspberry Pi, wani lokaci farashinsu ya fi sauƙi, amma umarnin da ke sama ba zai yi aiki a kansu kai tsaye ba, masu taimaka maka kuma ba su da yawa. Ba na ba mafari shawarar su.

Duk allon da ka zaɓa cikin waɗannan, doka ɗaya ce: haƙoran GPIO 3.3V suke ɗauka, 5V na ƙona su. A kan Pi mai haƙora 40, na 2 da na 4 duk 5V ne, kuma suna manne da na 1 mai 3.3V da na 3 wanda GPIO ne. Na taɓa jona maɓalli da daddare da hasken tocila, na ƙirga daga layin da ba shi ba, wayar ta sauka a kan na 2. Danna ɗaya na yi, wannan GPIO bai sake amsawa ba. Tun daga ranar nake haɗa kowane maɓalli tsakanin GPIO da GND (haƙorin ƙasa mai 0V) kawai, in bar rizistar cikin allo ta riƙe haƙorin a sama, wato a 3.3V. Haka gpiozero yake yi da kansa. Ta wannan hanya babu wayar wuta ko ɗaya da ke zuwa maɓalli, kuskuren ƙirga ya rage haɗari.

Yanzu maɓallan kansu, inda na fi so mutum ya tsaya ya duba da kyau.

Ƙananan nan masu ƙafa huɗu da ke ƙara "ƙyas" in an danna, irin na cikin rediyo da dikoda, iri biyu aka fi samu: mai 6mm da mai 12mm. Na 6mm arha ne ƙwarai, amma ƙafafunsa gajeru ne, yakan yi tsalle ya fita daga allon gwaji mai ramuka. Na 12mm ya fi zama daram, ana kuma sa masa hula mai launi. Ƙafafun huɗu a zahiri biyu ne, kowane biyu a haɗe suke ta ciki. Idan ka ɗauki biyun da ke haɗe, allon zai ga kamar an danne maɓallin har abada. Ɗauki ƙafa biyu da ke kusurwa da kusurwa, ba za ka taɓa kuskure ba. Waɗannan na teburin gwaji ne kawai. Ba za su jure dukan hannun ɗalibin da ya san amsa ba.

Don abin da jama'a za su riƙa dannawa, akwai manyan maɓallan roba irin na injin wasan gem, masu faɗin 24mm ko 30mm, har da manya-manya kamar murfin kofi. A ƙarƙashinsu akwai ɗan makunni mai harshe uku da aka rubuta wa COM, NO da NC. COM da NO za ka ɗauka. Kyawunsu shi ne in makunnin ya gaji, shi kaɗai za ka cire ka sauya. Sai kuma na ƙarfe masu zobe mai haske, 16mm ko 19mm ko 22mm. Sun fi tsada, amma idan na'urar za ta zauna a waje ko a shagon da ƙurar hunturu ke shiga, nemi mai rubutun IP65 ko IP67, alamar cewa ƙura ba ta shiga cikinsa. Ƙura ce ke fara kashe maɓalli mai arha a wajenmu, tun kafin dannawa ta gajiyar da shi.

Kafin ka biya, danna shi da yatsanka a gaban mai shago. Wani yana dawowa da ka saki, wani yana maƙalewa sai ka sake dannawa. A ido kamarsu ɗaya. Mai dawowa ya fi amfani, domin da umarni za ka iya sa shi ya yi halin mai maƙalewa, amma mai maƙalewa ba zai taɓa yin halin mai dawowa ba. Masu aiki da taɓawa kawai, irin TTP223, suna da ban sha'awa kuma suna aiki da 3.3V, sai dai jiƙaƙƙen hannu na ruɗa su.

Kowane maɓalli mai ƙarfe a ciki yana karkarwa. In ka danna, ƙarafan biyu sukan haɗu su rabu sau da yawa cikin ɗan lokacin da ido ba ya gani, allon kuwa yana ƙirga kowanne. Shi ya sa za ka danna sau ɗaya fitila ta kama ta mutu. Ba sai ka sayi komai ba: a gpiozero ka sa bounce_time a kan 0.05, ya kau da kai daga karkarwar.

Fitilu ba su da wahalar zaɓi. LED mai 5mm shi ne na kowa. Doguwar ƙafa ta nufi GPIO, gajeruwar da ke gefen da aka shafe ta nufi GND, kuma kada ka taɓa jona shi ba rizista. Haƙori ɗaya bai kamata a ja masa fiye da 16mA ba. Jan LED yana cin kusan 2V, saura 1.3V, in ka raba da rizista mai 330 za ka samu kusan 4mA, haske isasshe a ɗaki. Rizistar ita ce mai zobe ruwan lemo biyu da ruwan ƙasa ɗaya. Shuɗi da fari suna cin kusan 3V, da 330 za su yi dishi-dishi, sai ka sauko zuwa 100. Sayi masu jiki mai hazo. Masu jiki garau kamar gilashi suna harba haske gaba kawai, wanda ke gefe ba ya ganin sun kama, wanda ke gaba kuma su kashe masa ido. Akwai 'yan alluna masu ja da rawaya da kore irin na danjar titi da aka riga aka sa wa rizista, suna da kyau ga yara. Jerin WS2812B mai canza launi kuwa ka bar shi sai gaba: kowane ƙwai na iya jan 60mA in ya yi fari sosai, yana son 5V daga waje, sau da yawa kuma sai an sa guntu irin 74AHCT125 a tsakani kafin ya ji maganar allo mai 3.3V.

Fitilar da ke cikin manyan maɓallai ita ce ke yawan ba mutane mamaki. Yawancinsu na 5V ne ko 12V, da rizistarsu a ciki. GPIO ba zai iya kunna ta 12V ba sam, ta 5V kuma sai dai ta yi ɗan haske marar kuzari. Tambayi mai shago, ko ka zaro ƙwan ka karanta jikinsa. Ɗauki ta 5V, ka haɗa da tiransista BC547 ko 2N2222 da rizista 1k ga kowace fitila. In sun yi yawa, guntun ULN2803 ɗaya yana ɗaukar takwas.

Batun akwatin kayan koyo da ake sayarwa a dunƙule: idan ba ka da komai a hannu, ƙarami mai allon gwaji, wayoyi, LED, rizista da maɓallai ya wadatar. Manyan masu na'urori talatin da wani abu, yawancinsu don Arduino, wani allo daban mai 5V, aka haɗa su, wasu za su turo wa haƙorinka 5V, rabinsu kuma ba za ka taɓa buɗewa ba. Rizista, LED da tiransista ana samunsu ɗai-ɗai wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, kamar a Sabon Garin Kano. Duba wayoyin: Pi yana son masu rami a kai ɗaya da tsinke a ɗayan, Pico da ke zaune a allon gwaji yana son masu tsinke kai biyu. Wayar USB ta Pico kuma ta zama mai ɗaukar bayanai, domin da yawa na caji ne kawai, laftof ba zai ga allon ba. Kuɗin da ka rage daga allo ka sa shi a mitar auna wutar lantarki. Ko mai arha ce, in tana ƙara idan waya biyu sun haɗu, za ta nuna maka ƙafafun maɓalli da wayar da ta tsinke ta ciki cikin minti ɗaya.

Abokina ya ƙare da Pico H ɗaya, manyan maɓallai huɗu masu fitilar 5V, ƙarami ɗaya na alƙali, da tiransista huɗu. A kan tebur komai ya tafi daidai. Da muka kai ɗakin taro muka ja wa kowane rukuni waya mai tsawon mita biyar, sai fitilar rukuni na uku ta fara kamawa da kanta duk lokacin da aka kunna fankar sama. Rizistar cikin allo, mai kusan 50k, ba ta da ƙarfin riƙe doguwar waya, wayar ta koma kamar eriya. Muka sauya wayoyin da murɗaɗɗun da ke cikin kebul ɗin intanet, muka sa wa kowane haƙori rizista 4.7k zuwa 3.3V, da ɗan kafasita mai lamba 104 zuwa GND. Idan wayarka za ta wuce tsawon hannu, ka ƙara waɗannan biyun a jerin sayayyarka tun yanzu, guda ɗaya-ɗaya ga kowane maɓalli.