Chaucer a fassarar Coghill: ta dace da mai nazarin kwaɗayin malaman coci?

Wanda ke son ganin yadda adabin Ingila na ƙarni na 14 ya tona asirin malaman coci masu kwaɗayi, yawanci littafin da zai fara faɗawa hannunsa shi ne The Canterbury Tales na Geoffrey Chaucer, a fassarar Nevill Coghill da kamfanin Penguin ya fara bugawa a 1951. Chaucer ya soma aikin wajen 1387, ya mutu a 1400 bai kammala ba. Turancinsa na da ne, yana ba mai karatun yau wahala, sai Coghill ya mayar da shi Turancin zamani, a waƙe, mafi yawa da amsa-amo baiti bibbiyu. Littafin ya ɗan haura shafi 500, mai bangon takarda ne.

Hukuncinmu shi ne, fassarar ta yi kyau a karatun farko, amma ba ta isa a rubuta nazari da ita kaɗai ba.

Inda ta fi ƙarfi shi ne gabatarwar, wurin da ake siffanta matafiyan da suka taru a masaukin Tabard za su ziyarci kabarin waliyyi Thomas Becket a Kantabari, waɗanda su ne ke ba da labaran littafin a hanya. Chaucer ba ya zagi kai tsaye, yabo yake yi mai dafi, kuma Coghill ya riƙe wannan. Ga ɗan zuhudu wanda ya kamata ya tsare ɗakin ibada, amma ya fi son farauta, yana da karnukan tsere da dawakai, bakin hannun rigarsa an yi masa ado da gashin dabba mai tsada. Ga Hubert, mai wa'azi daga ƙungiyoyin da suka yi alwashin rayuwa da bara, wanda ke sassauta kaffara ga duk mai sakin hannu, ya san masu gidajen giya fiye da kutare, kuma ko gwauruwar da ba ta da takalmi sai ya raba ta da ɗan kuɗinta. Ga shugabar mata 'yan zuhudu mai ciyar da ƙananan karnukanta gasasshen nama da madara da farin burodi. Duk wannan yana tafiya sumul a fassarar.

Labarin mai sayar da takardun gafara, wato takardun coci na sassauta horon zunubi, shi ne zuciyar batun, kuma nan Coghill ya fi burgewa. Mutumin yana yawo da rigar matashin kai yana cewa mayafin Maryamu ne, da ƙasusuwan alade a cikin gilashi a matsayin na waliyyai. Da bakinsa ya faɗa wa matafiyan cewa wa'azinsa ɗaya ne kullum, son kuɗi tushen mugunta, kuma don kuɗin yake yin sa. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Ya ce dabarar tana kawo masa mak 100 a shekara. Mak ɗaya sule 13 ne da peni 4, wato kashi biyu cikin uku na fam, ke nan fam 66 da ɗoriya. Sai ya ba da labarin samari uku da suka fita neman Mutuwa su kashe ta, suka tarar da tulin zinariya a gindin bishiya, biyu suka soke ƙaraminsu, su kuma suka sha ruwan inabin da ya zuba wa guba. Yana gamawa ya buɗe jakarsa yana tallata musu kayan da ya riga ya ce na bogi ne.

Matsala ta farko babba ce. Coghill bai fassara wa'azin limamin ƙauye da ke rufe littafin ba, taƙaitawa kawai ya yi, kamar yadda ya yi wa labarin Melibee, saboda su biyun a zube suke. Ga mai karatun nishaɗi ba asara. Ga mai nazarin kwaɗayi kuwa giɓi ne, domin a can ne aka bi manyan zunubai bakwai ɗaya bayan ɗaya, aka yi maganar rowa da sayen muƙaman coci. Wannan limamin shi ne ma'aunin da Chaucer ya auna sauran da shi: talaka ne, bai bar jama'arsa ya tafi Landan neman aiki mai maiƙo ba. In aka rage muryarsa, sai mai karatu ya zaci Chaucer cocin gaba ɗaya yake yaƙa, alhali masu cin amanar cocin yake yi wa ba'a.

Ta biyu, babu lambobin layi, ga shi masu sharhi da lambar layi suke kafa hujja. Ta uku, bayanan ƙarshen littafin sun yi kaɗan. Ba su isa su raba wa sabon shiga tsakanin ɗan zuhudu, mai wa'azin bara da limamin unguwa ba, kuma ba tare da wannan ba ba za a gane cewa rikicin nasu na abinci ne: masu baran suna ƙwace wa limaman unguwa masu furta zunubi da kuɗin jana'iza. Mai kai sammacin kotun coci ma ma'aikaci ne, ba limami ba. Haka nan sai an nemi tarihin zamanin a wani wuri: annobar 1348 zuwa 1349, rabuwar kujerar Paparoma a 1378, boren talakawa na 1381 da aka kashe Akbishop Simon Sudbury, da sukar da malamin addini John Wycliffe ya yi wa coci.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a karanta gabatarwar a Coghill, a wuce labarin mai takardun gafara, sannan labaran mai wa'azin bara da mai sammaci a jere, domin ramuwar gayya suke yi wa juna. Bayan nan a ɗauko The Riverside Chaucer na 1987, wanda Larry Benson ya tace, ko bugun Jill Mann na 2005 daga Penguin, a nemo wuraren a asalin Turancin da lambobinsu, a karanta wa'azin limamin cikakke. Duk abin da za a kawo a matsayin kalaman Chaucer daga can za a ɗauko shi, domin neman amsa-amo kan sa Coghill ya ƙara ko ya sauya kalma.