Fitilar da ke bin kiɗa a situdiyon gida: wacce ya kamata ka saya?

Kafin ka tsaya kallon kala nawa fitila take fitarwa ko yadda take walƙiya a bidiyon talla, fara tambaya tukuna, ta ina take jin kiɗan? Don gaskiya nan ne duk bambancin yake, kuma ba kasafai ake rubuta shi a jikin kwali ba.

Mafi sauƙi su ne masu ɗan makirfo a cikin akwatinsu, irin zaren fitilar Govee da allunan bango na Nanoleaf. Ka manna, ka jona wuta, ka saki kiɗa, shi ke nan ta fara rawa. In dai so kake ɗakin ya yi kyau lokacin da abokai suka zo sauraron sabuwar waƙa, to sun wadatar. Amma fa makirfo ba ya zaɓe, tari ma zai ɗauka, magana zai ɗauka, ƙarar ƙofa zai ɗauka, sannan babbar matsalar ita ce mai situdiyo rabin aikinsa da hedfon yake yi, musamman lokacin ɗaukar murya da dole ka kashe sipika, to a lokacin fitilar ba ta jin komai, tsaye kawai za ta yi. Kuma masu arha daga cikinsu ƙarfin sauti kaɗai suke bi, ba su san bambancin bugun bes da ƙarar kuge ba, komai ya yi ƙara sai su haska. Tsohon Nanoleaf mai ɗan maƙalin Rhythm yana da ramin waya na milimita 3.5, in ka samu irin wannan ka jona shi kai tsaye ka huta da makirfo.

Philips Hue kuma wata hanya ce daban. Manhajar Hue Sync a kwamfuta take zama, tana ɗaukar sautin daga cikin kwamfutar, saboda haka ko da hedfon kake tana aiki. Sai ka sayi Bridge ɗinsu, ɗan akwatin da ke sarrafa fitilun, kuma fitila 10 ce iyaka a rukuni ɗaya. Haskenta mai laushi ne, ba ya gajiyar da ido, sai dai akwai tsada, kuma a kiɗa mai saurin bugu za ka ga tana ɗan biyo baya. Ga wani abu da ya kamata masu Windows su sani tun kafin su kashe kuɗi: in manhajar haɗa kiɗanka ta hanyar ASIO take fitar da sauti, wato tsarin da ke kai sauti kai tsaye zuwa na'urar sauti, to sautin ba ya bi ta hanyar da irin waɗannan manhajojin suke saurara, za ka ga waƙa na tashi a sipika amma fitila shiru. Maganinsa ka duba ko na'urar sautinka tana iya mayar da abin da take fitarwa cikin kwamfuta, in ba ta iya ba sai ka ɗauki waya ka haɗa wata mafita da ba ka amfani da ita zuwa mashiga.

Ni dai in ka tambaye ni, kuma ba ka tsoron ɗan haɗa waya da hannunka, WLED zan ce maka. Manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a kan ɗan allon lantarki mai suna ESP32, ka haɗa shi da zaren fitila na WS2812B wanda kowane ƙwai a jikinsa ana iya ba shi kalarsa shi kaɗai. Tana raba sauti gida 16 daga mai kauri zuwa siriri, saboda haka za ka iya ganin bes na bugawa ja a wannan gefen, murya na tafiya shuɗi a tsakiya, abin har ya zama kana ganin waƙar da idonka. Za ka iya sa mata makirfo irin INMP441, amma abin da ya fi dacewa da situdiyo shi ne ka sa manhajar LedFx a kwamfuta, ita za ta saurari sautin ta turo wa zaren umarni ta wayifai. In wayifai ɗin ya cika da na'urori hasken zai riƙa sarƙewa, wannan kam ka sa a ranka.

Wajen wuta ne mutane suka fi yin sakaci, dan Allah ka yi lissafi. Ƙwai ɗaya na WS2812B in ya haska fari gaba ɗaya yana iya jan miliamfa 60. Zare mai ƙwai 60 a kowace mita, ka sayi mita 5, ƙwai 300 ke nan, wato amfa 18 a kan bolt 5, kusan wat 90. Cajar waya ba za ta ɗauki wannan ba ko kusa. Kuma a zare mai tsawo za ka ga farkonsa fari fat amma ƙarshensa ya koma ruwan ɗorawa saboda wutar ta raunana a hanya, sai ka sake shigar masa da wuta ta ɗaya ƙarshen, ko tun farko ka sayi WS2815 mai bolt 12 wanda ya fi jure tsawo. A cikin WLED akwai wurin da za ka rubuta iyakar wutar da adaftarka take iya bayarwa, kar ka tsallake shi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan harka shi ne ƙara. Situdiyo wurin sauti ne, fitila ƙawa ce kawai, bai kamata ƙawa ta ɓata aiki ba. Adafta mai arha tana iya shigo maka da wani siririn tsiii a sipika, kuma za ka ji yana canzawa duk lokacin da hasken ya canza, gita mai lantarki ma ya fi kowa saurin kwasarsa. Ka raba soket ɗin fitila da na kayan sauti, kar wayar fitila ta kwanta doguwa a jikin wayar makirfo, in dole sai sun haɗu to su gitta juna kawai su wuce.

Fitilun dandali masu DMX, wato tsarin aika wa fitila umarni, fa? Tsarin tun 1986 yake, layi ɗaya na ɗaukar tashoshi 512, da waya yake tafiya shi ya sa ba ya wasa da lokaci, kuma da ɗan akwatin USB irin na Enttec da manhajar QLC+ ta kyauta za ka iya tsara haske ya sauka daidai kan bugun da kake so, har ta MIDI, wato tsarin da kayan kiɗa da kwamfuta ke aika wa juna umarni. Wanda ke shirin hawa dandali, ko yake ɗaukar bidiyon wasa kai tsaye, wannan ne nasa. Amma da yawansu akwai fanka a ciki, kuma makirfon ɗaukar murya sai ya jiyo ta. Nemi marasa fanka. Masu juya kai kuma ka bar su, ƙaramin ɗaki ba wurinsu ba ne.

In kuma hotuna masu motsi kake so, kar ka yi gaggawar sayen komai. MilkDrop, mai zana hotuna masu bin kiɗa, da ya fito tun 2001 don manhajar sauraron kiɗa ta Winamp, har yanzu yana burgewa, projectM ma irinsa ne kuma kyauta. Manhajojin Resolume da TouchDesigner na masu son gina abinsu ne, sai dai suna cin ƙarfin kwamfuta sosai, in ka haɗa su da manhajar kiɗa a inji ɗaya sauti zai iya fara tsinkewa, gara tsohuwar kwamfuta ta biyu. Tsohon talabijin ya fi majigi a nan, don majigi ma fanka gare shi kuma sai ɗaki ya yi duhu.

Masu ɗaukar bidiyo ku gwada fitilar da kamarar waya kafin ku manna ta, musamman in an rage haske, wasu za ka ga layuka na yawo a hoton alhali ido ba ya gani. Sannan maganar walƙiya mai sauri ba ta wasa ba ce, tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, ƙa'idar da ake bi a intanet ita ce kar ta wuce sau 3 a daƙiƙa ɗaya, in za ka saki bidiyo ko kana karɓar baƙi ka kiyaye wannan.

Duk wacce ka zaɓa, ka tabbata tana iya tsayawa cak a haske ɗaya mai laushi da latsawa ɗaya, don lokacin gyaran sauti ba ka buƙatar abin da zai riƙa janye maka hankali. Kuma ranar da ta iso, kafin ka ɓare gam ɗin bayanta, kunna ta, ka ƙara ƙarfin makirfo, ka sa hedfon ba tare da kiɗa ba ka saurara. In ka ji tsiii, canza adafta ko ka mayar da ita.