Landan zuwa Faris: jirgin sama ko na kasa?

Tsakanin Landan da Faris a sama kilomita 340 ne kacal, jirgi baya wuce awa daya da 'yan mintuna, shi yasa mutane ke ganin ai yafi sauri. Amma fa sai ka fita wajen gari zuwa filin jirgin Heathrow, ka isa da wuri, layin bincike, jiran kaya, ka sauka filin jirgin Charles de Gaulle na Faris kuma ka sake neman hanyar shiga gari, kafin ka ankara awa hudu ta tafi.

Jirgin kasa na Eurostar kuwa awa biyu da kusan minti 20 ne, yana bi ta ramin karkashin teku da aka bude a 1994, daga tashar St Pancras ta Landan ya direka tashar Gare du Nord tsakiyar Faris. Ni dai na kasan zan zaba, sai in wani jirgin zan kama daga Faris.