Ferrari 308 ko Porsche 911 Carrera 3.2: wacce za a shigo da ita inda haraji ke da tsauri?

Malam, ka ce an yi maka tayin motoci biyu a waje, Ferrari 308 GTS da Porsche 911 Carrera 3.2, kuma ƙasar da kake zaune harajin mota kan kai kuɗin motar ko ya wuce. Kana son sanin wacce ta fi sauƙin tantancewa da shigowa. A irin wannan kasuwa, abin da zai cece ka shi ne ka iya tabbatar wa kwastan cewa motar tana nan yadda ta fito daga masana'anta, don haka ta nan za mu auna su.

Mu fara da Ferrari, domin ita ta fi ruɗar mutane. An ƙera 308 daga 1975 zuwa 1985, kuma kala-kala ce a cikin riga ɗaya. Na farko, wato 308 GTB mai rufaffen sama, zuwa 1977 bodinsu na faiba ne, amma GTS da bodin ƙarfe ta fito. Ɗora mayen ƙarfe a ƙofa, in bai kama ba, ko dai faiba ce ko kuma an cika wurin da foti. Zuwa 1980 kafireto huɗu na Weber gare su. Daga nan aka koma injekta ta Bosch, ƙarfin ya sauka zuwa doki 214, sai Quattrovalvole ta 1982 mai bawul huɗu a kowace silinda ta ɗaga shi zuwa 240. Akwai kuma 208, wadda Ferrari ta yi wa kasuwar Italiya da injin lita 2 saboda harajin kashi 38 da ake ɗora wa injin da ya haura haka a wancan lokacin. Da ido kusan ba ka raba ta da 308, amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Sannan ga na jabu da aka ɗora a kan wata motar Amurka, Pontiac Fiero: buɗe murfin baya, in ba ka ga V8 a kwance a gicciye a cikin firam na bututun ƙarfe ba, juya ka tafi. Lambar shasi tana buge a jikin firam a ɗakin inji, tana kuma kan sandar sitiyari. Su zo ɗaya da ta takarda, kuma wurin bugun kada ya nuna alamar gurza ko sabuwar walda. Sashen Ferrari Classiche yana ba da shaidar asali, sai dai da tsada da jira.

Porsche ta fi buɗe sirrinta. Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989 tana da lamba mai harufa 17. Wadda ta fara da WP0ZZZ91 ba ta kasuwar Amurka ba ce, harafi na goma kuma shi ne shekara: E na 1984, H na 1987, K na 1989. Lambar tana buge a but na gaba kusa da tankin mai, ga kuma takardar da aka manna a ƙarƙashin murfin but ɗin, wadda ke ɗauke da lambar fenti da ƙarin kayan da aka sa mata. Daga 1987 giyabos ɗinta G50 ne, kafin nan 915. Matsalar 911 ita ce masu ita ba sa barin ta ta huta. Wani ya faɗaɗa mata ƙugu ta yi kama da 911 Turbo, wani ya mayar da fuskarta ta 1973, wani ya dasa injin lita 3.6. Ga mai tuƙi abin sha'awa ne, ga mai biyan haraji asara ce.

Dalili kuwa shi ne ƙa'idar kwastan. A Tarayyar Turai, motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata inji, shasi, bodi, burki ko sitiyari sauyi mai yawa ba, tana shiga rukunin kwastan mai lamba 9705 na kayan tarihi: babu harajin shigowa, harajin VAT kuma a rage a yawancin ƙasashen. Birtaniya, duk da ta fita daga Tarayyar, tana bin irin wannan tsari, VAT ɗinta kashi 5. In aka ƙi ta, sai ta faɗa rukunin sauran motoci, 8703, harajin shigowa kashi 10 da cikakken VAT, kuma ana lissafin ne a kan kuɗin saye haɗe da jigila da inshora. Gyara da sabunta fenti ba sa hana ta shiga, dashen wani inji na iya hanawa. Denmark da Singafo shekara 35 suke nema kafin sassaucin kuɗin rajista, Singafo kuma ta taƙaita hawa zuwa kwana 45 a shekara. Ostareliya tana tsare mota in an samu asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, a burki, kuloci ko gasket, tsofaffin motoci kuma suna da shi.

Wajen lafiya, 308 bel ɗin roba ke juya mata bawul. In ya tsinke fistan zai daki bawul, don haka nemi rasiɗin ranar da aka sauya shi. Duba akwatin fis don alamar narkewa, da tsatsa a gindin ƙofofi. Ita 911 sarƙa gare ta, bodinta an yi masa rufin hana tsatsa tun 1976, amma duba ƙarƙashin batir da gindin ginshiƙin ƙofa, ka kuma sa a gwada matsin kowace silinda, don hayaƙi mai shuɗi yakan nuna hanyar bawul ta cinye.

In motar hawa kake so, ɗauki 911, da sharaɗin ba a taɓa ta ba. Kayan gyaranta sun fi samuwa, kuma jami'i zai karanta shekararta daga lamba. Ferrari sai in lambar inji da ta shasi sun tabbata a rubuce. Kowacce ka zaɓa, aika hotunan lambobin da rasiɗin saye ga kwastan ka nemi hukuncin rukuni a rubuce kafin ka biya ko sisi, kuma ka sa ta a kwantena da inshorar da aka rubuta darajarta a ciki.