Stihl 070, MS 381 da ɗan Chana, wanne ne na manyan bishiyoyi?

Jama'a masu tambayar wane inji za su saya don yankan manyan bishiyoyi, ku fara tantance abu ɗaya, kayar da bishiya kawai za ku riƙa yi ko fasa katako? Domin aiki biyu ne daban, kuma a nan yawancin mutane ke asarar kuɗinsu.

In fasa katako ne, wato ka kwantar da gungumen maɗaci ka fitar da falanki da 2 by 4 a cikin daji, ni har gobe 070 na Stihl nake ba mutum shawara. Injin Jamus ne, cc 106 (wato girman injin), nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa biled, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, da sarƙar a zuba mai. Ba shi da gudu sosai, in ka ji ƙararsa ma ƙasa-ƙasa take, amma fa ƙarfin ja gare shi, ka sa masa biled mai inci 36 ka nutsa shi duka cikin maɗaci ko kirya ba zai shaƙe ba, haka zai yi ta ci a hankali yana watso maka ɓarzajjen itace a ƙafa har ka fita ɗaya gefen. Kirya kuwa duk wanda ya taɓa sa mata gatari ya san ba itacen wasa ba ce. Ga shi duk wani bakanike na inji ya san cikinsa, fistin ne, rin ne, kafireto ne, ka shiga Sabon Gari a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu, kuma afaretocin da ke kawo kaya 'Yan Katako ta Na'ibawa da yawansu da shi suka koyi aiki.

Amma gaskiya yana da nasa. Tsohon ƙira ne, ba shi da birkin sarƙa, in bakin biled ya daki wani abu ya yi tsalle ya dawo kanka ba abin da zai tsayar da shi. Ga girgiza, ka wuni da shi da daddare yatsunka suna zuga kamar ana tafiyar kiyashi a ciki. Ga shan mai, wanda da ba ma damuwa da shi amma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya koma lissafin lita. Shi ya sa ban yarda mutum ya ɗauke shi don kayar da bishiya a cikin gari ba, balle ya hau sama da shi sassabe rassa, wannan ganganci ne wallahi.

Na kayarwa MS 381 ne, ko ƙaninsa 382. Cc 72, bai kai kilo 7 ba, yana da birki, yana da robobin rage girgiza, gudunsa ya fi na 070 nesa ba kusa ba. Da biled inci 25 za ka kayar da darbejiya ko turaren da mutum biyu ba za su rungume ba, sai dai ka yanka ta nan ka zagaya ka yanka ta can. Daɗinsa shi ne kana iya juya shi yadda kake so lokacin da kake fitar da bakin gaba, wajen da bishiyar za ta faɗi, kuma in ta fara ƙara tana rinjaya za ka iya zare shi ka ja baya da sauri. Yana fasa katako shi ma, amma in kullum ne kuma itace mai tauri to kana rage masa kwana. Mai hali ya nemi MS 660 ko 661, cc 90 da ɗoriya, shi ya haɗa biyun, kuɗin ne dai ba na kowa ba.

Husqvarna na Suwidin, 372XP da 395XP, inji ne mai kyau ba wanda zai kushe shi, sai dai kayan gyaransa ba su kai na Stihl yawa a wajenmu ba, in ya tsaya maka a ƙauye ana iya yin kwanaki ana jiran kaya.

Sai 'yan Chana masu lamba 5200 da 5800 da suka cika kasuwa. Ba na zaginsu, mai gona da ke son yanke rassan mangwaro ko daddatsa itacen girki ya saya, kuɗinsa zai fita. Amma a ce da shi za ka tunkari rimi ko tsohuwar tsamiya, a'a. Zai yi zafi, sarƙa ta saki, igiyar tayarwa ta tsinke, ka bar bishiya rabi a yanke tana tsaye a kan gidan mutane, wanda ya fi komai haɗari.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ka ga mutum ya zuba maƙudan kuɗi a inji amma yana ƙyashin magagari. Ka duba abin da ke fita, in gutsattsari ne manya-manya sarƙarka na da kaifi, in ya koma gari kamar tsaki to tsaya ka wasa, kar ka danna da ƙarfi. Sarƙar 070 .404 ce, magagarinta 5.5mm, ta 381 kuwa 3/8 ce da 5.2mm, kar a haɗa su. Bishiyar bakin hanya kuma a duba ƙusoshi da waya a jikinta, sannan ɓawon da ya sha ƙurar hunturu ko ƙasar gara yana kashe kaifi nan take, sassaƙe shi da gatari kafin ka sa inji. Man inji da ake haɗawa da fetur kuma, in 2T na kamfanin Stihl ne 50:1, wato 100ml a lita 5 na fetur. Baƙin man da aka juye daga mota da wasu ke zubawa a tankin sarƙa yana cinye famfo da biled, arha ce ta banza.

Hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, weji biyu na cusawa a bakin yanka da igiya mai kauri, duk a haɗe kuɗinsu bai kai wahalar rauni ɗaya ba. Kuma a je wajen malaman daji a karɓi takarda kafin a taɓa babbar bishiya, mun ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba ana lodinta zuwa Chana har sai da aka sa ta a dokar CITES, ta duniya mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2017, ni dai ɗorawa da kaɗanya masu 'ya'ya ko nawa za a ba ni ba na sa musu inji.

In za ka sayi 070 ko 381 ka je da afareta wanda ya san inji, domin jabu ya yi yawa, kala ɗaya, sitika ɗaya, har kwali. A duba lambar da aka buga a jikin injin, a cire salansa a leƙa fistin ko ya karce in na hannu ne, a tayar da shi da sanyinsa a gabanka, in mai shago ya ce ba a tayarwa sai ka biya to ka ƙara gaba.