Wata shida ina amfani da VirtualBox: yadda na raba RAM da furosesa

Na ɗora VirtualBox a laftaf ɗina ne don in koyi Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta daga dangin Linux, ba tare da na taɓa Windows ɗin da nake aiki da shi ba. Manhaja ce ta kyauta, tana hannun Oracle tun 2010, aikinta kuma ta gina maka kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. Ta gasken ita ce mai masauki, ta kwaikwayon baƙuwa. Laftaf ɗin nawa RAM ɗinsa, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, gigabait 8 ne, furosesarsa mai ƙwaya 4, wato sassa huɗu masu sarrafa aiki.

Ranar farko kwaɗayi ya ja ni. A wajen saituna akwai wani ɗan ma'aunin RAM da ake ja da linzami, kore daga farko, ja daga ƙarshe. Na ja shi har cikin jan, na ba baƙuwar sama da gigabait 6, a zatona hakan zai sa ta tashi kamar iska. Manhajar ta yi mini gargaɗi a ƙasan allo, na share. Da na kunna, sai komai ya daskare, har linzamin ma sai ya yi tunani kafin ya motsa. Laifina ne. RAM ɗin da ka ba baƙuwa, mai masauki ba shi da iko da shi muddin tana kunne. Windows ya rasa wurin numfashi, ya koma yana sauke kayansa a kan faifai, faifai kuwa bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Tunda a bayan mai masaukin baƙuwar take goye, ya durƙusa, ita ma ta durƙusa.

Yanzu gigabait 4 nake ba ta in zan buɗe burauza a ciki, 3 in rubuta umarni kawai zan yi. Sai an kashe ta ɗungurungum ake iya canza adadin, dakatarwa ba ta wadatar.

Batun furosesa ya fi ruɗa ni. Windows na nuna mini 8, alhali ƙwayoyin gaske 4 ne, kowace tana tafiyar da layin aiki biyu. Littafin jagorar VirtualBox da kansa ya ce kada a ba baƙuwa fiye da adadin ƙwayoyin gaske. Ni ko da na ba ta huɗun duka, sauti ya riƙa yankewa, fanka na ta gurnani, don aikin mai masauki da na baƙuwa suna ta kokawa a kan ƙwayoyi ɗaya. Da na rage zuwa 2 sai abu ya lafa. Akwai kuma wani ma'auni da ke ƙayyade kason lokacin furosesa da baƙuwa za ta ci. Na bar shi a 100, ban ga dalilin taɓa shi ba.

Duk da haka akwai ɗan jan ƙafa da ya ƙi tafiya, har sai da idona ya kai kan wani koren kunkuru a kusurwar ƙasa ta tagar. Na ɗauka ado ne, wallahi. Ashe alama ce cewa VirtualBox na bi ta ƙarƙashin Hyper-V, tsarin Windows na gudanar da kwamfutar kwaikwayo, maimakon ya yi amfani kai tsaye da VT-x, fasahar da ke cikin furosesar don wannan aiki, ni ne kuwa na kunna Hyper-V ɗin tun da daɗewa na manta. Na kashe shi, na sake kunna laftaf, kunkuru ya ɓace. Wannan gyara ɗaya ya fi duk jan ma'aunin da na yi amfani.

Sauran ƙanana ne: na ɗora Guest Additions, ƙarin manhajar VirtualBox da ake sawa a cikin baƙuwa, na kai ma'adanar hoton allo megabait 128, na mayar da faifan baƙuwar kan SSD, nau'in faifai mai sauri. Jan taga da sauya girman allo suka zama sumul.

Ga mai RAM gigabait 8, ina ganin VirtualBox ya isa ya riƙe baƙuwa ɗaya ta Linux cikin kwanciyar hankali, kuma launukan ma'aunin nan gaskiya suke faɗa. Windows 11 a matsayin baƙuwa kuwa, wanda mafi ƙarancin buƙatarsa gigabait 4 ne da ƙwaya 2, na gwada sau ɗaya, ya tashi, amma da ƙyar. Na ajiye wannan sai na ƙara RAM ɗina zuwa 16.